Ƙodata Ta Girmi Takarduna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna, a makwancinta da ke gabas da garinmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na 'ya ga uwa, ina roƙon Allah ya sa wannan ta iske ki cikin rahama, kabarinki a yalwace, cike da haske. Mu nan ƙasar Faransa muna lafiya gwargwado. Jikokinki na nan, tattaɓa-kunne ma sun fara zuwa. Ɗanki Mutari ne ba lafiya, kuma maganarsa ce ta sa na zauna rubuta miki.

Na san da kina da rai, kafin in ce komai za ki tambayi wa da wa ke saurare. Mutane da yawa ne, Inna. A waya nake rubutawa, kuma zan sa ta inda matanmu na Vénissieux da Rillieux, unguwannin nan gefen Lyon, ke gani, har da na Paris. Na san ba ki son wasiƙar da ake karantawa a gaban jama'a. Ki yi haƙuri, ban sa sunana ba, ke ma ai ba ki taɓa kiransa ba, to mun yi daidai.

Abin da nake son faɗa miki gajere ne, hanyarsa ce mai tsawo. Na karya maganarki. Abin da kika ce kada in faɗa wa kowa, na faɗa wa wata Baturiya, kuma har ta rubuta.

Ƙodojin Mutari duka biyu sun tsaya, yau shekara biyu ke nan. Hawan jini ne ya cinye su a hankali, shi kuwa yana can yana yawon Kwatano da Dubai sarin atamfa, ba ya shan magani sai ya ji kansa na sarawa. Yanzu sau uku a mako yake barin gidansa na Stains, can gefen Paris, ya je asibiti a ɗaura shi a na'ura, ta wanke masa jini awa huɗu. Ruwan da aka yarda ya sha a yini bai cika ƙaramar kwalba ba. Mutarin da kika sani, mai shanye ƙwaryar fura a tsaye, yanzu ƙanƙara yake tsotsa.

Likitocinsa sun ce ko ya jira layi, wanda ba mai iya faɗa masa ranar da zai zo kansa, ko wani nasa ya ba shi ɗaya. Matarsa an gwada, jininta bai dace da nasa ba. 'Ya'yansa kuwa ya rantse ba zai karɓa daga gare su ba, wai suna da sauran tafiya a gaba. Da aka gwada nawa ya yi daidai. Ban yi shawara da kowa ba, domin ban ga abin shawara a ciki ba.

A Paris za a yi aikin, amma binciken jikina a nan Lyon aka ce a yi, kusa da gida. Aka haɗa ni da wata likitar ƙoda, siririya, mai tabarau rataye a wuya, ba ta da yawan fara'a. Ranar farko ta tambaye ni me ya sa nake son in ba shi. Kin san bakina. Na ce mata yaron nan ni na goye shi tun yana ɗan wata uku, da shi a bayana nake zuwa rijiya, tulu a kai, har fitsarinsa ya ci mini zane biyu. Na ce bayan da ya ɗauke shi bai gaji ba, cikin ma ba zai yi masa rowa ba. Ita dai rubutu take yi, ni kuma ina ta zuba, ina jin daɗin kaina.

Sai aka shiga gwaje-gwaje. Jini, hoton ciki, awon zuciya, awon sukari, da fitsarin kwana da yini a jarka, wadda na sa cikin jakar cefane na shiga metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, da ita ina addu'ar kada murfin ya ci amanata. Gwajin jinin farko ya fito da kyau, na ce to shi ke nan. Likitar ta ce da saura. Wai wannan ƙiyasi ne kawai: wani datti da tsoka ke zubarwa cikin jini suke aunawa, su haɗa da shekarun mutum, na'ura ta fitar da lissafi. Wanda ya wuce sittin tsokarsa ta ragu, dattin ma ya ragu, sai lissafin ya yabi ƙodar fiye da yadda take. Don haka irinmu sai an auna ta kai tsaye.

Na yini a kujerar asibiti. Suka zuba mini wani ruwa ta jijiyar hannun dama, suka riƙa ɗibar jini ta na hagu lokaci bayan lokaci, don su ga saurin da ƙodata ke fitar da shi. Wannan bai dame ni ba, allura ba ta taɓa ba ni tsoro ba. Abin da ya dame ni shi ne kowace ma'aikaciya ta zo, kafin ta taɓa ni, sai ta ce in faɗi ranar haihuwata. Ɗaya ga Janairu, kamar sauran tsaraina 'yan Nijar da ke nan, mu da alƙali ya haifa rana ɗaya a takardar kotu. Sau shida na faɗa a yinin. Tun a na huɗu na fara kallon fuskokinsu, ina neman wadda aka turo ta kama ni.

Ke kin san yadda aka yi, amma masu leƙe ba su sani ba, to bari in maimaita. Baba yana cin rani a Yamai, ya sa aka rubuto miki wasiƙa da Faransanci. Ba mai karatun boko a gidanmu, kika kai wa wani mutum a bakin kasuwa. Ya fassara da ƙarfi, har da maganar da Baba ya yi don kunnenki ke kaɗai, kafin la'asar mata na maimaita ta a rijiya. Kika dawo gida ba ki ci tuwo ba. Kika ce daga yau ba wanda zai ƙara karanta miki wasiƙa sai wanda kika haifa.

Shekarar ce aka buɗe lakwal, makarantar boko, a garinmu. Mutane na ɓoye 'ya'yansu a rumbu, ke kuwa kika ja hannuna. 'Yan shekara bakwai kawai ake ɗauka, ni ina da sha biyu, sai dai Allah ya yi ni ƙaramar halitta. Kika kwance mini kitso, kika ɗaura mini zane a wuya irin na yara, kika ce in rufe bakina kada mushe, malamin lakwal ɗin, ya ga haƙorana sun gama fitowa. A hanya kika tsaya gindin tsamiya, kika riƙe kunnena, kika ce, "Ke, bakwai gare ki. Ko wa ya tambaye ki, ko mushe, ko soja, ko mijin da za ki aura, bakwai gare ki yau, kuma daga yau za ki fara ƙirga." Mushe ya rubuta bakwai. Daga littafinsa aka yi takardar kotu, daga ita aka yi katin shaida, sai fasfo, har takardun zama 'yar ƙasa da na samu a nan.

Shekara hamsin da huɗu ina riƙe da wannan. Marigayi mijina Malam Isufu ya rasu yana ce mini yarinya, bai san na girme shi da shekara guda ba. A tsakar gidanmu kawai gaskiya ke leƙowa, in Mutari ya yi mini rashin kunya ki ce masa, "Damina takwas ta ba ka, ka kama kanka." A takarda kuwa uku na ba shi, domin shi a asibitin Damagaram kika haife shi, ranarsa a rubuce take.

Da sakamako ya fito likitar ta kira ni. Ta ce ƙodojina biyu suna aiki tare, ba sukari, ba wani abu a fitsari, amma saurinsu ya ɗan gaza abin da suke so ga mace mai sittin da ɗaya. Wai ƙoda tana tsufa tare da mai ita, kowane tsara da ma'auninsa, ni kuma na faɗo ƙasa da nawa kaɗan. Tana tsoron ko wata cuta ce a ɓoye da ba ta nuna kai ba tukuna, kuma ba za ta cire ɗaya ta bar ni da ɗaya a kan shakka ba. Za a sake gwaji bayan wata biyu. Har na ɗauki jakata, sai ta cire tabarau ta ce, "Madam, wannan ranar haihuwar, kin tabbata da ita?"

Na ce mata ga takardu nan gabanta, da hatimin ƙasarsu. Na faɗa da Faransancin da nake ajiyewa don masu raina mutane. Ta ce dakwar, wato to shi ke nan, ta rufe dosiye, fayil ɗin takarduna. Na fito, har na wuce tashar tiram, jirgin cikin gari, ban gan ta ba.

Daga ranar ban ƙara yarda da kowa ba. Abu biyu nake hangowa. In suka ji sittin da shida za su ce na tsufa, su rufe maganar, Mutari ya ci gaba da tsotsar ƙanƙara har ranar da za a bugo mini waya. Sai kuma takarduna. Wata maƙwabciyata a bene na tara ta taɓa ce mini katin asibiti da na'urar firfektir, inda ake ba baƙi takardu, igiya ɗaya ce ta haɗa su. Ita ce dai ta taɓa ce mana ana sa man alade a man goge baki, amma a lokacin na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Ina ganin kaina da furfurata a gaban wani mai kwat, sa'an 'yata, yana tambayata ni wace ce tun asali.

Na ce Baturiyar nan ba don Allah take tambaya ba, tun farko ba ta so, ƙofar da za ta kore ni take nema. In mai karɓar baƙi ta daɗe tana kallon na'ura, in ce ni take karantawa. In an kira ni a waya a sauya mini randebu, ranar ganin likita, in ce jan lokaci suke yi har takardar da suka aika firfektir ta dawo. A wajen wani suna a Rillieux wata Hajiya ta matso kusa da ni ta ce, "Ki lura da kyau, in sun cire ba lallai ɗan'uwanki za su sa wa ba." Na yi mata dariya a gaban mata, na ce ta rage kallon waya. Amma maganar ta biyo ni har cikin bas, ta zauna kusa da ni.

Na ce to, tunda gwaji suke so, zan ba su gwaji. Na bar nama, na bar gishiri, na riƙa shan ruwa har a gidan rainon yaran da nake aiki suka fara yi mini tsiya da yawan zagayawa. Zoɓo ba sukari, habbatus sauda, ruwan sha'ir. Duk wanda ya ce ga abin da ke wanke ƙoda, na sha.

Tambayar da ta hana ni sukuni ita ce, wa ya faɗa mata? Likita ai ba duba take yi ba. Zargina ya fara faɗawa kan jikarki Hawa, babbar 'yata. Tun farko ba ta so. Kullum maganarta, "Mama, ɗaya fa za ta rage miki, in ita ma ta gaji wa zai ba ki?" Kuma ranar da ta raka ni asibiti na gan ta tsaye da likitar a bakin ƙofa suna magana ƙasa-ƙasa, ina can ina gyara ɗankwali.

Ran Lahadi ta zo da yaranta. Na bari suka ci shinkafa, sannan na ja ta ɗakin girki. Na ce ta ji tsoron Allah, ta je ta tona mini asiri gaban Turawa don kada kawunta ya samu. Ta tsaya da soso a hannu tana kallona. Ta ce ita kwana nawa zan yi a kwance kawai ta tambaya, don ta nemi hutu a wurin aiki. Sannan ta ce, "Wane asiri, Mama?"

A nan na gane yarinyar nan ba ta san komai ba. Ta ina za ta sani? Ita ce duk Janairu take sayo gato, kek ɗin ranar haihuwa, ta kafa masa kyandir mai lamba, yaranta su yi mini waƙa, ni ina murmushi da baki a rufe kamar yadda kika koya mini. Ba zan iya yi mata bayani ba sai na karya maganarki, to sai na bar ta da zaton rigimar tsufa ce kawai. Ta kwashi yaranta ta tafi. Mako uku ba ta kira ni ba, ni ma girman kai ya hana ni. Na ji kunyar kaina ƙwarai, Inna, amma kunyar ba ta hana ni neman wani da zan zarga ba.

Gwaji na biyu ya fito daidai da na farko, duk zoɓon da na sha bai motsa shi ba. Likitar ta ce a haka ba za ta iya aika wa Paris da amincewa ba. Ba ta sake waccan tambayar ba, ta dai dube ni ta ɗan jira. Na tashi na fito.

Saura mutum ɗaya a duniya da ya sani, shi ne Mutari. Shi ma bai taɓa son abin ba, cewa yake yaya za a yanka yayarsa saboda shi. Na ce wato shi ne ya zagaya ta baya ya faɗa wa likitocinsa, su kuma suka bugo wa tawa. Ran Asabar na hau jirgin ƙasa zuwa Paris, tun daga Lyon nake shirya maganganun da zan wanke shi da su.

Na iske shi ya dawo daga wankin jini, kwance a doguwar kujera, lulluɓe da bargo da rana tsaka, ana zafi. Jijiyar hannunsa na hagu ta kumbura ta yi ƙulli-ƙulli inda ake sa allura. Ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Duk da haka na faɗa masa abin da ya kawo ni, ban rage ba. Ya yi dariya har tari ya kama shi, ya ce shi da likitocinsa ba su taɓa hirar shekaruna ba, ta kansa yake yi.

Da ya huta ya sa na maimaita masa abin da likitar ta ce, daki-daki. Sannan ya ce, "Yaya, mutanen nan ciki za su buɗe miki. In da ƙarya za a ciro ta, bar ta inda take, ba na so. Inna ta yi haka ne don ki shiga lakwal, ba ta ce ki kwanta gaban wuƙa da ita ba." Na ce masa ya kama kansa, damina takwas na ba shi. Ya ce to in je in faɗa wa likita haka. Matarsa ta kawo masa ƙanƙara guda biyu a kofin shayi, na ga yadda yake juya ta a baki don kada ta yi saurin ƙarewa. Ban iya cin abincin da aka ajiye mini ba.

Da na dawo Lyon na nemi ganin likitar. Kafin in ce komai na tambaye ta, abin da aka faɗa a ɗakin nan ina yake zuwa? Ta ce sirrin likita ne, doka ta hana ta kai shi ko'ina, daga ita sai waɗanda za su duba maganar jikina. Na ce firfektir fa? Ta ce ba ruwanta da su. Na sa ta maimaita ina kallon idonta. Na tashi da kaina na duba ko ƙofa a rufe take. Sannan na ce mata sittin da shida gare ni, da wata siririyar murya da ban ji ta a bakina ba tun gindin tsamiya.

Ko gezau ba ta yi ba. Na ce ta faɗa mini tsakaninta da Allah wa ya sanar da ita. Ta buɗe shafin farko na dosiyen ta karanta mini maganata ta ranar farko, goyo, rijiya, tulu a kai. Ta ce takardu sun ce shekara uku ce tsakanina da shi, ita kuma tana da 'yar shekara uku a gida, ko takalminta ba ta iya sawa daidai. Wato wata uku ina farautar mai tona mini asiri daga Lyon har Paris, na ɓata da 'yata, na je na tsare marar lafiya da faɗa, ashe bakina ne.

Sai ta jawo takardar ma'auni, ta sa yatsa inda take sa ni a da, ta matsar da shi zuwa tsarana na gaskiya. Ta ce ga mace mai sittin da shida wannan ƙoda ce mai lafiya, ta tsufa daidai da shekarunta, ba alamar wani abu a ɓoye. Ta ce kuma shekaru kaɗai ba sa hana mutum bayarwa, an karɓa daga waɗanda suka girme ni. Inna, abin da nake ɓoyewa don kada a hana ni, shi ne ya hana ni. Na fara ƙirga sau nawa aka ɗaura Mutari a na'ura cikin watannin nan, na kasa kai ƙarshe, na yi kuka a gabanta. Ta miƙo mini takardar share hanci.

Ba ta amince nan take ba. Ta ce shekarun da suka wanke ƙodar su ne kuma suka sa dole a ƙara duba zuciya, aka sa ni tuƙa keke da wayoyi a ƙirji har numfashina ya kusa ɗaukewa. Ta gargaɗe ni cewa warkewata za ta fi ta yara jinkiri, ɗayar da za ta rage ba za ta yi aikin biyu cif ba, kuma duk shekara sai na zo an duba ni har ƙarshen raina. Ta rubuta a dosiye cewa shekarun takarda ba tabbas ba ne, mai jiki ta ce a ƙara biyar. Na sake faɗa a gaban kwamitin da ke tambayar masu bayarwa ko tilasta musu aka yi. Karo na biyu ya fi sauƙi, sai dai na lura da wani dattijo a cikinsu da ya daɗe yana rubutu, kuma har yau ban san me ya rubuta ba.

Kada ki ɗauka na warke daga zargi. Kullum da safe in na sauko sai na buɗe akwatin wasiƙu ina neman ambulan mai tambarin gwamnati. Yau wata biyu, ba abin da ya zo sai tallar kantuna. Likitar ta ce ba abin da zai zo. Wataƙila gaskiyarta ne, amma ni 'yarki ce, zan ci gaba da dubawa.

Hawa kuwa ni na je gidanta da ƙafata, na ba ta haƙuri, na ba ta labarin tsamiya. Abin da ta fara cewa shi ne ashe tuni ya kamata in ajiye aiki, ina can ina ɗaga 'ya'yan mutane da ciwon baya. Sai kuma ta tambaye ni ke wace irin mace ce, domin sau ɗaya ta gan ki tana ƙarama. Na ce mata ba ki taɓa kiran sunana ba saboda kunyar 'yar fari, ba ki taɓa jawo ni jikinki a gaban mutane ba, amma kin tsaya gaban mushe da mai gari kin rage mini shekara biyar ba ko ƙifta ido, don in iya karatu. Har yanzu ba ta son abin, ta faɗa mini, amma ta ɗauki hutun, za ta raka ni.

Na tuna wasiƙar farko da na karanta miki, ina aji uku. Kika rufe ƙofar ɗaki, kika zauna kusa da ni har kafaɗarmu ta haɗu, ina haɗa baƙaƙe da ƙyar. Ba komai a ciki sai gaisuwa da maganar irin gero. Kika ce in sake, na sake har sau uku. Ba ki ce na yi ƙoƙari ba, amma ranar ni kika ba tsokar da ke cikin miya.

Ban taɓa ganin laifinki ba, Inna, kuma yau ma ban gani ba. Da shekaru biyar ɗin nan na yi karatu, na zama malama, na haɗu da Isufu, na zo ƙasar nan. Sai dai ƙodata ba ta je lakwal ba, ita ta ci gaba da ƙirga daminunta tun daga ranar da kika haife ni. Na san cikin masu leƙen wasiƙar nan akwai waɗanda aka riƙe wa kunne kamar ni. Ba na ce su je su faɗa wa hukuma ba, ni ma ban je ba. Amma wanda zai buɗe musu ciki, su faɗa masa.

An sa rana. Talata mai zuwa za a yi aikin, ni da safe, shi a bayana. Za su ɗaura mini 'yar roba a hannu mai ɗaya ga Janairu da shekarun mushe, amma likita mai sa barci ya san na gaskiya, ni na faɗa masa tun bai tambaya ba. Ta hagu za su ɗauka. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Mutari ya ce ranar da aka ba shi izini, ruwa zai roƙa cike da kofi, ya shanye shi a tsaye.

Kin ce ko wa ya tambaye ni, kuma na riƙe. Ban faɗa wa soja ba, ban faɗa wa miji ba, ɗanki ne ya sa na saki. Ki yafe mini. Ina jin da kina nan, da kin ga yadda yake juya ƙanƙarar nan a baki, da ke da kanki za ki ja ni gindin tsamiya ki mayar mini da biyar ɗina.

Allah ya jiƙan ki, ya gafarta miki, kada ya kama ki da bakwai ɗin da kika faɗa wa mushe, domin saboda ni kika faɗa. Allah ya haɗa ki da Baba a Aljanna. Ya sa ƙodar nan ta zauna a jikin Mutari yadda ya zauna a bayana, ya bar mini ɗayar ta kai ni iyakar kwanana. In kuma kwanan ya ƙare ran Talata, to ki saurari zuwana, kuma in an tambaye ni a can, na gaskiya zan faɗa. Amin.

Wassalam.

Ni ce 'yarki ta fari, mai damina sittin da shida.